Wadda Ta Yanke Kaka daga Fim

Ba a daɗe da idar da sallar isha ba, Mirzohid yana tsugune a tsakar gida yana dirzar hannuwansa da sabulu, aikin banzan da ya saba kullum, tunda shunin marina ba ya sakin hannun marini. Sai ya ji dariyar kakarsa daga bayan katanga.

Ya saki sabulun. Kaka Tursunoy tana ɗakinta, ga minsharinta nan yana fitowa ta taga. Amma dariyarta tana gidan maƙwabta. Ta fito, ta katse, ta koma da baya kamar ana haɗiye ta, ta sake fitowa siririya kamar ta ɓera. Sau bakwai ya ƙirga.

A garinmu Margilan an ga abubuwa. A unguwarmu an taɓa yin wata salwa a keji da ba ta kuka sai ranar Laraba, an kuma fasa kankana an tarar da zobe a ciki. Amma tsohuwa ta yi barci a gida ɗaya tana dariya a wani, wannan ba a taɓa ji ba.

Watansa biyu kacal da dawowa gidan kakar don ya riƙa kula da ita, bai san maƙwabta sosai ba. Ya jingina tsani ya leƙa.

Ƙarƙashin rumfar inabi, kan dandamalin katako, wata yarinya ce ta tanƙwashe ƙafa gaban tsohuwar kwamfuta. Ta cije leɓe, girarta a haɗe, tana jan linzamin kwamfutar kamar mai jan akuya zuwa kasuwa.

"Salamu alaikum, ƙanwata. Kakata ce a cikin akwatin nan?"

Ta zabura ta kifa murfin. "Wa alaikumus salam. Ku a gidanku ta katanga ake sallama?"

"Ta ƙofa ake yi. Yau dai kakata ce ta riga ni tsallakowa, na biyo sawu."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ci ƙarfinta. Sunanta Oydin, 'yar Usta Holmat mai ɗaukar bidiyon biki, wanda shekara talatin ba a ɗaura aure a unguwar ba tare da kyamararsa ba. Mutumin da ke tace masa finafinan ya tafi Koriya neman aiki, shi ne ta ce za ta koya. Yau kwananta huɗu da buɗe manhajar. Bikin da ke hannunta kuwa na Doniyor ne, ɗan baffan Mirzohid.

"Sautin na so in rage," in ji ta, "na danna wani abu, Kaka ta koma da baya. Yanzu na rasa yadda zan juyo ta."

"Don Allah ki juyo ta kafin asuba. Tare muke shan shayi."

Ya sauko daga tsanin bai san ƙafa nawa ya taka ba. Washegari a marina ya tsoma zaren da ya kamata ya fito ja a cikin shuni, maigidansa ya dube shi ya ce, "Ko dai zazzaɓi, ko dai mace."

Ta hannun matar Doniyor ya samu lambarta. Kwana biyu yana rubutawa yana gogewa kafin ya tura:

"Salamu alaikum. Mai tsani ne. Ya jikin kakata ta cikin akwati?"

Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar:

"Ta juyo lafiya, Yaya Mirzohid. Yanzu liman ne ya koma kore, ban san me na taɓa ba."

Daga nan kullum sai ta ba shi labari. Wai a allon akwai dogayen layuka, na sama hoto, na ƙasa sauti, ga ɗan almakashi da ake yanka da shi. Wai malaminta wani ɗan Rasha ne a cikin waya, mai magana kamar ana korar sa. Ta gano yadda ake sa hoto ya narke cikin hoto, ta yi kwana uku tana narkar da duk dangin amarya. Ranar da ta fara fitar da fim ɗin gwaji, awa tara kwamfutar tana nishi, saura ƙiris aka ɗauke wuta.

"Na yi kuka har da majina," ta rubuta.

"Share hawayenki, Almakashina. Zare ma sai an tsoma shi sau biyar yake kama launi."

"Wa ya ba ku izinin ce min Almakashi?"

"Liman. Kore ne, ba ya musu."

"Allah ya shirye ku, Mai Shuɗin Hannu."

Mirzohid ya kasa zama wuri ɗaya. In ya dawo aiki sai ya share tsakar gidan da aka share, ya gyara tsanin da bai lalace ba. Kaka Tursunoy tana kallonsa ta gefen ido. Ita ma ta yi nata binciken: ta fito da sassafe ta ga yadda Oydin ke share ƙofar gida, tana yayyafa ruwa tukuna, tana haɗawa da rabin ƙofar maƙwabta.

"Ba laifi," in ji Kaka. "Bari a kawo fim ɗin Doniyor mu gani, sai in sa uwarka da gwaggonka su ɗaura gurasa a ƙyalle su je tambayar aurenta."

Sai dai a can gidan akwai wani mai zuwa neman Oydin. Sanjar ne, mai babban shagon bidiyo a bakin titi, mai farar mota da ƙaramin jirgin da ke shawagi kan 'yan biki yana ɗaukar rawunansu. Turarensa yakan riga shi shiga layi. Ya ce wa Usta Holmat zai karɓi aikin tacewa duka, su zama gida ɗaya. Usta bai tilasta wa 'yarsa ba, amma an ji shi a wurin shan shayi yana cewa, "Marini kuma? Jikokina su tashi suna tsoron hannun ubansu?"

Sati shida Oydin ta yi kafin ta gama. Ranar Juma'a da la'asar mata suka cika gidan su Doniyor, aka shimfiɗa ledar abinci, aka jera rumman da alewa, an ɗora tukunyar shinkafa don kowa ya san fim ɗin biki awa huɗu ne in ya yi gajarta. Dole a ga duk wanda ya zo, da abin da ya sa, da wanda ya zauna kusa da wa. Uban ango, Baffa Ergash, yana Rasha wurin aikin gini, bai samu zuwa bikin ba, shi ma an tura masa nasa ta waya a wannan ranar.

Kaka ta zauna gaba da sabuwar rigarta. Abin da take jira shi ne gaisuwar amarya, inda mai bandiri ke kiran dangin miji ɗaya bayan ɗaya amarya tana rusuna wa kowa cikin lulluɓi. Ita aka fara kira ranar, a matsayinta na babba.

Fim ya tashi da kiɗa mai daɗi. Kakaki ya yi kuka, amarya ta fito kamar a mafarki, har wata ta ce, "Kai, kamar na talabijin!" Aka zo gaisuwa, aka ga amarya ta rusuna wa uwar miji, ta rusuna wa gwaggo. Sai rawa, sai rubutu ya hau allo. Minti goma sha tara.

Ɗakin ya yi tsit. Shayin farko ma bai huce ba.

"Ina nake?" in ji Kaka.

Wayar uwar ango ta yi ƙara, muryar Baffa Ergash ta cika ɗakin: "Wannan bikin ɗana ne ko tallar sabulu? Shekara uku ina ɗaukar bulo don bikin nan! Ina uwata? Ina mutanen da suka ci shinkafata?"

Kaka ta miƙe, ta karkaɗe rigarta. A ƙofa ta juyo ta dubi jikanta. "Yarinyar da ta yanke ni ina da rai, in na mutu ko sunana ba za ta bari a gidan ba. A kwance gurasar nan."

Da yamma ya tura saƙo, ya ƙara wa sunanta "jon" ɗin da ake ƙara wa na kusa da zuciya:

"Oydinjon, me ya faru? Ki mayar da ita kawai. Kin ce min abin da aka yanka a kwamfuta ba ya ɓata, jan gefensa ake yi ya dawo."

Sai da aka yi sallar magariba ta amsa:

"Haka ne, in asalin yana nan. Kwamfutar ta cika, na ɗauka tunda hotunan sun shiga manhaja sun zauna ke nan, na goge asalin. Baba kuma ya share katin kyamarar ya ɗauki biki biyu a kai. Na buɗe yanzu, duk layukan sun yi ja. Babu komai, Yaya. Babu."

"To me ya sa kika yanke ta tun farko?"

Wannan ba ta amsa ba. Ya sake tambaya washegari, shiru.

Unguwa ta ɗauka. A wurin mai gurasa ana cewa 'yar Usta ta raina manya, a bakin famfo ana cewa karatun waya ne ya ɓata ta. Biki biyu da aka yi wa Usta alkawari suka koma wurin Sanjar. Rana ta uku Mirzohid yana dawowa daga marina ya hango Oydin tana fitowa daga shagon Sanjar, shi kuma yana riƙe mata ƙofa yana murmushi.

Ya wuce gida bai shiga ba. Ya zaga kasuwa, ya zaga masallaci, ya tsinci kansa a tashar mota ba inda za shi. A can ya rubuta:

"Na gan ki. Allah ya sa alheri. Hannunsa dai fari ne tas."

"Katin na kai masa ko zai iya dawo da abin da aka share. Ya ce ba ya dawowa, amma in mun zama gida ɗaya shi zai je ya ba Kaka haƙuri da bakinsa. Na ce na gode, na karɓi katina. Kai ma abin da za ka ce min ke nan?"

Ya karanta sau uku. Tunda suka haɗu ku take ce masa don girmamawa, ba ta taɓa ce masa kai ba sai yau, kuma cikin fushi. Ya ji kunya ta rufe shi, daɗi kuma ya biyo bayanta.

"Na tuba, Almakashina. Ki yanke wancan saƙon."

"Na goge asalinsa ma."

Yana zaune a tashar, wata mata kusa da shi tana nuna wa ƙawarta bikin ƙanwarta a waya. Ya zuba musu ido har suka tsargu. Sai ya miƙe da gudu.

Ranar bikin Doniyor, wace mace ce ba ta ɗaga waya ba?

Kwana tara ya yi yana bin gidaje bayan aiki. A kowane gida sai an zaunar da shi, an juya shayi sau uku a buta, an tambayi lafiyar kakarsa da ta uwarsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wata ta ce sai ya rantse ba za a sa inda take cin nama ba. Wata ta ba shi minti arba'in na silin da takalman mutane. Wani tsoho ya ɗauki bikin duka da yatsansa a kan idon kyamarar wayarsa. Gida talatin da ɗaya ya shiga, har cikinsa ya riƙa ƙugi da koren shayi.

Ya tara guntayen bidiyon duka a filashi ya kai wa Usta Holmat ta ƙofa, da sallama. Usta ya juya filashin a hannu ya ce, "Sunana ne ya zube, ba zan hana a kwashe shi ba. Amma nan zan zauna." Ya zauna tsakaninsu a kan dandamali da butarsa.

Oydin ta zuba guntayen a manhaja, ta dafe kai. "Ɗari biyu da wani abu. Ta ina zan san wanne ke bin wanne?"

Mirzohid ya leƙa ta kan kafaɗar Usta. Ƙarƙashin kowane hoto akwai zanen sauti, tsini-tsini, wani dogo wani gajere. Ya ƙara matsowa, don abin da yake kallo tun yana ɗan shekara goma sha biyu ke nan. Haka zaren atlas, yadin silikin garinmu, yake in an rina shi an kwance: sai an ja wannan, an saki wancan, har harshen launi ya haɗu da ɗan'uwansa zane ya tashi.

"Wannan tsinin mene ne?"

"Dukan bandiri."

"To ai bandiri ɗaya duk wayoyin suka ji. Ja na ƙasan nan hagu. Ƙara. Tsaya!"

Tsini ya hau kan tsini. Ta danna, sai ga amarya ta fara rusunawa a wayar wata ta ƙarasa a wayar wata, ko tangarɗa babu. Oydin ta yi ƙara har Usta ya zubar da shayi.

Yamma shida suka yi a haka, shi yana gano zane, ita tana yanka tana jerawa. Yanzu kafin ta taɓa komai sai ta kwafe shi wuri biyu. A yamma ta biyar suka iso kan Kaka. Waya bakwai ta ɗauke ta, amma ɗaya ce tak ta samu fuskarta daga gaba, tana dariyar nan tata, amarya na rusuna mata.

A bayan kafaɗar Kaka kuwa ga Usta Holmat tsaye, kyamara a kafaɗa, ya saita ta da kyau yana ɗaukar darduma da ke rataye a bango.

Mirzohid ya dubi allon, ya dubi tsohon da ke gefensa yana lalubar bakin kofi da yatsa kafin ya zuba. Ya dubi Oydin. Idonta ya cika, ta girgiza masa kai kaɗan. Ashe abin da ta yi ta yankewa ke nan sati shida: bango, silin, bayan mutane, duk inda idon ubanta da ya dusashe ya ɓace. Abin da ya rage mai kyau shi ne minti goma sha tara.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji Usta.

"Kwamfutar ce ke tunani, Usta," in ji Mirzohid.

Oydin ta jawo hoton kusa har uban ya fita daga ciki. Hannunsa kawai ya rage a kusurwa, da hancin kyamarar. In ta ƙara ja, fuskar Kaka ta dagule. Suka bar shi haka.

Da Mirzohid zai tafi Usta ya rako shi ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya riƙe masa hannu ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana, ka ga wani abu a hoton nan?"

"Ban ga komai ba, Usta. Shuni ya gama da idona."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Hannun nan naka, an ce shuɗi ne. Ni dai ɗumi na ji. In kakarka ta huce, ƙofata a buɗe take."

Sabon fim ɗin awa uku da minti hamsin ne. Da ƙyar aka shawo kan Kaka ta zo, ta zauna can baya da tsohuwar riga. Wannan karon ɗakin kamar kasuwa: "Ga ni can!" "Wannan wayata ce, kun ga hannuna ba ya rawa!" "Wa ya sa inda nake cin nama?" Baffa Ergash ya kira daga Rasha, sai jan hancinsa ake ji.

Da aka zo gaisuwa Kaka ta ga kanta ta gaba, ta gefe, ta sama, har ta ƙeya.

"Mayar da shi baya," in ji ta.

Aka mayar. Ta matso har gaban talabijin. Matar da ta yi shekara hamsin tana zura zaren siliki a allura ba a ɓoye mata kusurwa. Ta daɗe tana kallon hancin kyamarar nan da inda ya dosa. Sannan ta juya ta dubi Oydin, wadda ke tsaye bakin ƙofa da tire, kanta a ƙasa.

"Zo nan, 'yar nan. Sati uku ana cin namanki a unguwa. Ba ki da baki ne?"

"Laifina ne, Kaka. Ni na goge."

"Na san abin da kika goge." Ta kama haɓarta ta ɗaga. "Kin rame. Ku zuba mata shinkafa, ku sa mata nama da yawa." Ta waiga wurin uwar Mirzohid. "Ke kuma gurasar nan da na ce a kwance, wa ya ce ki saurare ni?"

Da daren ya rubuta mata:

"Almakashina, gobe suna zuwa. Kada ki yanke su."

"Sai na ga irin alewar da suka kawo. Mirzohidjon, na gode da ka yi shiru."

"Ki riƙe godiyar, za ki buƙace ta ranar da kika ga farin zanen gadonki ya koma shuɗi."

Sau uku matan suka je kamar yadda aka saba, a na ukun aka karya gurasa, aka ba su farin ƙyalle, alamar an amince. Sanjar ya aiko da cewa zai ɗauki bikin kyauta da jirginsa. Usta Holmat ya ce a gode masa. Shekara talatin yana ɗaukar 'ya'yan mutane, tasa ɗaya tilo ba mai ɗaukar ta sai shi.

Aka yi biki a lokacin kaka, sa'ad da inabi ya nuna har yana faɗowa kan mutane. Washegari da hantsi tsakar gidan Kaka ya cika don gaisuwar amarya. Aka fito da Oydin cikin lulluɓi, da rigar atlas wadda angon ya rina zarenta da hannunsa. Mirzohid yana can gefe cikin abokai, ya kasa tsayuwa kan ƙafa ɗaya.

Usta ya gyara tsayuwa, ya ɗora kyamara a kafaɗa. Mai bandiri ta buga, ta kira sunan Kaka Tursunoy. Amarya ta rusuna a hankali har ƙasa. Hancin kyamarar ya bi sautin, ya wuce ta kaɗan, ya tsaya kan tulun ruwa da ke jikin ginshiƙi.

Ba a san wanda ya faɗa wa wani ba. Sai dai a bayan Usta wayoyi suka tashi, ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, har da ta tsohon nan, wanda yau ya janye yatsansa.

Kaka ta buɗe tafukanta, kowa da ke da hannu a sake ya buɗe.

"Allah ya sa ku tsufa a kan matashi ɗaya. Ya ba ku 'ya'ya masu rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa wa na gabanku. Allah ya tsare gidan nan daga idon da ke gani da bakin da ke faɗa."

"Amin!" in ji tsakar gida. Usta ya faɗi tasa da ƙarfi, hawaye na bin gemunsa, kyamarar ko motsi ba ta yi. Ta ƙarƙashin lulluɓi Oydin ta saci kallon mijinta, shi kuma ya dafa ƙirji da shuɗin hannunsa.

A nan ne maƙwabcinmu Tashpulat, wanda ya yi wata huɗu a ƙauye wurin 'yarsa jiya-jiya ya dawo, ya kutso da kofin shayi a hannu. Ya dubi Usta, ya dubi dajin wayoyin da ke bayansa.

"Wai ni kam, jama'a, ga Usta da kyamararsa, me kowa yake ɗauka kuma?"